Wai da gaske an hana gina masallaci a Suwizalan?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne an hana Musulmi gina masallaci a Suwizalan. Ba masallaci aka hana ba, hasumiya ce. Ranar 29 ga Nuwamba 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 57.5 cikin ɗari suka amince, aka sa haramcin cikin kundin tsarin mulki.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a lokacin hasumiyoyi huɗu kacal ne a duk ƙasar, kuma ko ɗaya ba a kiran salla daga cikinta. To me ya tsone musu ido? Dubi fastar da masu kamfen ɗin suka liƙa a tituna: mace cikin baƙin niƙabi, bayanta tutar ƙasar, hasumiyoyi sun huda ta tsaye kamar makamai masu linzami. A ganina tsoron Musulmi aka sayar wa jama'a.

Gwamnati da majalisa da limaman coci sun nemi a ƙi, amma jam'iyyar SVP, ta masu ra'ayin riƙau da ke goyon bayan haramcin, ta fi su iya kururuwa. Hasumiyoyi huɗun nan ba a rushe su ba, ta birnin Janeba na nan tsaye.