Zuba jari a na'urar hoton ƙwaƙwalwa: amsa ga wani ɗan kasuwa

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya. Abokinsa na so shi ɗan kasuwar ya kawo rabin jarinsa su haɗa su sayi na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, su riƙa tallar gano cutar mantuwa ga tsofaffi tun kafin ta bayyana. Ya shiga ko ya janye?

Alhaji, masu buƙata kam akwai su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Inda nake da ja shi ne hajar da za ku tallata.

Abin da hoton ke nunawa wasu fararen tabo ne a cikin jijiyoyin da ke sada sassan ƙwaƙwalwa da juna, galibi sakamakon lalacewar ƙananan hanyoyin jini, kuma hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke jawo su. Likitoci na auna yawansu da ma'aunin Fazekas na 1987, daga 0 zuwa 3. Idan sun yi yawa, haɗarin mantuwa da shanyewar jiki na ƙaruwa. To amma yawancin waɗanda suka haura 60 suna da ɗan tabon, hankalinsu kuma garau. Ka ga ke nan in kun ce wa mai lafiya hoto zai faɗa masa makomarsa, kun yi alkawarin da na'urar ba ta ɗauka ba. Ko an ga tabon ma, shawarar likita ba ta wuce a kula da hawan jini da sukari, a bar taba.

Sai ɗawainiya. Maganaɗisun na'urar ba a kashe shi, dare da rana yana cikin sanyin ruwan heliyam, wata iskar gas da ake sanyayawa har ta zama ruwa. Wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ta daɗe a tsaye, heliyam ya tsiyaye, asara ce babba. Ga kwangilar gyara duk shekara, ga albashin likitan da zai karanta hoto, wanda in babu shi ƙarfe kawai kuka ajiye.

Cinikin irin wannan cibiya daga likitoci yake zuwa, masu turo marasa lafiyar baya, gwiwa da kai. Kafin ka fitar da ko sisi, abokin naka ya nuna maka a rubuce asibitoci nawa suka yarda su riƙa turo mutane, da hoto nawa za a ɗauka a rana kafin a mayar da kuɗin wata. Rabin jari kuwa ya yi yawa a sana'ar da ba ka san cikinta ba. In lissafin ya fita, shiga da abin da ba zai taɓa uwar kuɗinka ba.