Tambaya da Amsa: Tabarau na yi min tururi in ina hawa dutse da keke

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Jos. Duk ranar Asabar da sassafe ni da abokaina muna fita da kekuna zuwa duwatsun Shere. Damuwata tabarau ne. Da na fara haurawa sai gilashin ya yi fari fat da tururi, ko tayar gaba ba na gani. In kuma na cire shi, wajen gangarowa ƙura da ƙananan ƙwari su cika min ido. Na sayi biyu a kasuwa, kowanne an rubuta a kwalinsa cewa ba ya tururi, amma duk kanwar ja ce. Wane iri zan nema? Kuma dole ne sai mai tsada?
Mai karatu daga Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba dole sai mai tsada ba, kuma ka daina kallon kwali. Abin da ke hana tabarau tururi iska ce, wadda ke ratsawa tsakanin gilashin da fuskarka. Duk sauran abubuwa bayanta suke.

Ka taɓa fito da ledar fiya-wata daga firji ka ajiye a kan tebur? Kafin ka juya ta jiƙe sharkaf, alhali ba ta yoyo. Danshin da ke cikin iskar ɗakin ne ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa. Haka yake faruwa a kan hancinka. Da asubar hunturu sanyin Jos yakan sauka zuwa digiri 11 ko 12, gilashin ya ɗau wannan sanyin. Kai kuwa kana taka feda a hawa, goshinka na zufa, numfashinka na fita da ɗumi. Wannan iska mai ɗumi da danshi tana bugun bayan gilashin sai ta zauna a kansa ɗigo-ɗigo, ƙanana ƙwarai, kowane ɗigo yana watsa haske inda ya ga dama, ido ya kasa haɗa hoto. Ka lura da wurin da abin yake kama ka: a hawa, inda zufa ta fi yawa gudu kuma ya fi ƙaranci, ko kuma lokacin da ka tsaya jiran abokai a saman tudu. Kana sakin keke a gangara, iska ta share shi cikin ƙiftawar ido.

Saboda haka ranar da za ka saya, ka tafi da hular kwanonka. Ka sa hular, ka sa tabarau, ka tsaya gaban madubi. Ka duba sama: idan gefen firam ɗin ya manne da girarka, ko ya cusu ƙarƙashin bakin hular har babu ratar da iska za ta fita, ka ajiye shi, domin iska mai ɗumi sama take yi, nan ne ƙofarta. Sai ka yi murmushi sosai. Idan kumatunka suka ɗaga tabarau ɗin, to ya zauna a kansu ke nan, ya toshe mashigar iska ta ƙasa. Wanda kake nema shi ne wanda ba ya taɓa ko'ina sai karan hanci da bayan kunne. Ni na fi son irin mai rabin firam, wanda ƙasan gilashin a buɗe yake babu baki. Wasu kuma an yanka musu 'yan ramuka a sama ko a gefe, waɗannan ma suna aiki. Sannan ka taɓa robar da ke zama a kan hanci. A masu kyau akwai waya a cikinta, tana lanƙwasuwa. In ka ɗan matse ta, tabarau ya ɗago ya matsa gaba kaɗan, kuma sau da yawa wannan 'yar tazarar da ba ta kai kaurin sandar ashana biyu ba ita ce duk maganin. Kafin ka kashe ko sisi, ka gwada haka a guda biyun da ke hannunka.

Fuska kuma kowa da tasa. Yawancin waɗannan tabarau an ƙera su ne da ma'aunin dogon karan hanci, mu kuwa da yawanmu namu a kwance yake, sai gilashin ya zame ya kwanta a kumatu. Abin da ya yi wa abokinka daidai kai yana iya zame maka fitina, don haka kar ka yi odar abin da ba ka ɗora a fuskarka ba sai in ana karɓar mayarwa.

Yanzu maganar rubutun kwali. Gaskiya ne akwai sinadarin da ake shafa wa cikin gilashi a masana'anta. Ba ya hana danshi sauka, abin da yake yi shi ne ya sa ruwan ya baje ya zama shimfiɗa ɗaya siririya, wadda ido ke gani ta cikinta, maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Yana aiki, amma yana da iyaka: in danshin ya yi yawa sai ya fi ƙarfinsa, kuma goge-goge na cinye shi a hankali. Kwali kuwa kowa na iya buga abin da yake so a kai. Alamar da na fi yarda da ita tana jikin gilashin ne ko hannun firam. A tabarau masu bin ƙa'idar Turai ta EN 166, harafin N na nufin an gwada shi kan tururi, K kuma kan ƙarzuwa. A ƙa'idar Amurka ta Z87.1, tun bugun 2020 harafin X ne alamar tururi. A shago ma kana da gwaji na kyauta: ka hura wa cikin gilashin hucin bakinka. Mai shafin kirki ko dai ba zai yi fari ba, ko ya washe nan take.

Waɗannan alamomi za ka fi samun su a tabarau na ma'aikata, irin wanda kafintoci da masu aikin injin goge ƙarfe ke sawa, a shagunan kayan aiki. Kamfanoni irin su 3M da uvex da Bollé suna yin su, masu lanƙwasa da ke rufe gefen ido, farare da masu ɗan duhu, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na manyan kamfanonin tabarau na 'yan tsere irin su Oakley ko Smith ba. In ka tambaye ni, gara na ma'aikata na gaske da na 'yan tsere na jabu. Kasuwanninmu cike suke da masu babban suna a hannu da roba mai karyewa a gaba. Wannan batu ne na ido, ba na kwalliya ba. Tayar wanda ke gabanka tana cilla tsakuwa, reshen ƙaya na jiranka a kwana, in kuma ka faɗi fuska ce ke fara isa ƙasa. Gilashin ya zama na robar nan mai tauri da ake kira polikabonet, wadda ke jure duka. Na kwalba na ainihi kuwa kar ka kusance shi da keke.

Duhun gilashi ma ana yawan kuskure a kansa. Ana raba tabarau aji biyar, daga 0 zuwa 4, gwargwadon hasken da suke bari ya wuce. Aji na 0 kusan fari ne. Na 1 yana barin kashi 43 zuwa 80 cikin 100, na 2 kashi 18 zuwa 43, na 3 kashi 8 zuwa 18. Na 4 ya yi duhun da ko tuƙin mota ba a yarda a yi da shi ba. Yawancin baƙaƙen tabarau na kasuwa aji na 3 ne, an yi su don tsakar rana a fili. Kai da kake fita da sassafe, kana shiga inuwar duwatsu da bishiyoyi kana fita, na 1 ko na 2 ya fi maka, mai launin ruwan ƙasa ko ja-ja, saboda yana fito da rami da saiwa da tsakuwa fiye da mai ruwan toka. Ka kuma tabbatar da UV400, wato yana tare hasken rana mai ƙuna da ido ba ya gani. Wannan ba shi da alaƙa da duhu: farin gilashi na iya tare shi duka, baƙi ƙirin kuma ya bar shi ya wuce, kuma wannan ya fi muni, domin a bayan duhu baƙin ido ƙara buɗewa yake. Jos na bisa tudun kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, kuma ƙarfin wannan haske yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000. Wasu shagunan masu yanka gilashin ido suna da na'urar auna shi, ka kai musu su duba.

Mai kashe ƙyalli, wanda ake rubuta wa Polarized, ya dace da direba da masunci. A kan dutse ban cika sonsa ba, musamman da damina, domin ƙyallin nan shi ke gaya maka falalen ya jiƙe yana da santsi. Mai canza launi da kansa yana da daɗi in aljihu ya yarda, sai dai a sanyi yana jinkirin washewa, kana iya faɗawa inuwa yana nan da duhunsa na ɗan lokaci.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ne na fi ganin ana kashe tabarau mai kyau: goge shi da gefen riga. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, ta fi robar tauri, duk gugar da ka yi a bushe kana kankare shafin ne kana zana gilashin. Ka fara zuba masa ruwa daga gorarka, ka yarfe, ka bar cikin ya bushe da kansa ko ka ɗan danna masa ƙyalle mai laushi. Idan shafin ya riga ya tafi, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke ko shamfun jarirai, ka shafa a ciki, ka bari ya bushe, ka goge sama-sama har ya yi garau. Zai kai ka fita ɗaya, wata Asabar sai ka sake. Man goge baki da sanitaiza da fetur duk ɓata shi suke. In kuka tsaya hutawa, ka zamo da shi zuwa ƙarshen hanci ko ka soka hannayensa a ramukan hular kwano. Kar ka ɗora shi a goshi, can ne zufa take.

TAMBAYA: Ina zaune a Gembu. Saboda sanyi nakan rufe hanci da baki da takunkumi ko hirami in zan hau keke, amma tabarau na rufewa tun ban bar unguwa ba. Da damina kuma hazo ne ke jiƙa shi.
Wani malamin makaranta, Gembu

AMSA: Malam, matsala biyu ce ka haɗa. Ta farko takunkumin ne: numfashinka bai samu hanyar gaba ba sai ya bi gefen hanci ya haura kai tsaye cikin gilashi. Ka nemi mai waya a sama, ka matse ta ta kama karan hanci sosai, ka ja shi sama kaɗan, sannan ka ɗora tabarau a kansa ya danne bakin. Ɗan filasta a kan hanci ma yana rufe kafar. A hawa mai tsawo ka sauke takunkumin zuwa haɓa, jiki ya riga ya ɗumama.

Ta biyu ba ta da alaƙa da numfashi. Hazon damina na tsaunin Mambila, inda Gembu take, ruwa ne a cikin iska, ta waje yake sauka a gilashi, shafin ciki ba abin da zai yi masa. Abin da ke taimako shi ne hular kwano mai baki a gaba, da gilashin da aka yi wa wajensa shafin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. A irin wannan rana fari ko ruwan ɗorawa za ka sa. Manyan tabarau ɗin nan masu roba da ke zagaye kai, irin na masu tseren babur, wasu gilashinsu biyu ne da iska a tsakani don na cikin kar ya yi sanyi. Suna da kyau a doguwar gangara, amma a hawa zafi za su dame ka.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 16 yana sa gilashin asibiti, ba ya gani nesa sai da shi. Ya shiga ƙungiyar masu keke, yana so in saya masa irin nasu. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Kaduna

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi. Akwai tabarau na keke da ake maƙala wa ƙaramin firam na magani daga ciki. Shi ya fi sauƙin kuɗi, kuma in lambar idonsa ta canza ƙaramin kawai za a sake. Aibinsa shi ne gilashi ya zama biyu, na cikin yana dab da ido inda iska ba ta kaiwa, don haka ya fi kowanne saurin tururi. Wanda ya fi shi ne a yanka maganin a jikin gilashin keken kansa, amma lanƙwasarsa na iya karkata gani idan lambar tana da ƙarfi, sai ƙwararre. Ruwan tabarau da ake mannawa a ƙwayar ido kuwa ba na ba yaro shawararsa a ƙurar hunturu sai likita ya amince.

Ki kai shi wurin likitan idon da ya auna shi, ku tafi da hular kwanonsa, ki faɗa masa a fili cewa na hawa keke a duwatsu kuke so. Ki roƙi a yi gilashin da polikabonet, firam ɗin kuma mai roba a hanci da kunne don kar zufa ta zamar da shi. Kafin a gama, ya ci gaba da sa nasa na yanzu da igiya a baya, ya bi sannu a gangara.