Amsa ga mai son zuwa kwazazzabon Arshe a Cadi

Malam, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce ka ga hoton raƙuma cikin ruwa a tsakanin wasu dogayen duwatsu, kana tambaya ko mutum zai iya zuwa da motarsa shi kaɗai, kuma wane lokaci ya fi. Wurin sunansa Arshe, yana cikin duwatsun Ennedi a arewa maso gabashin Cadi. Na je cikin hunturu, bari in faɗa maka abin da na gani.

Maganar tafiya kai kaɗai, cire ta daga ranka. Daga Injamena kwana uku cur muka yi kafin mu iso, ta Abeshe da Kalait. Bayan Abeshe kwalta ta ƙare, sai burji da rairayi. Motoci biyu muka yi, masu jan ƙafa huɗu. A rana ta uku tamu ta kafe, muka sauka muna tonon yashi da hannu, direba yana rage iskar taya, sai da ɗayar ta ja mu da igiya. Babu sabis ɗin waya a wurin. Kuma ka nemi takardar izinin zirga-zirga tun daga Injamena, ka yi mata kwafi da yawa, don jandarmomi za su tambaya a shinge. Ɗan jagora ya zama ɗan yankin ne. Cadi ta gwabza yaƙi da Libiya a garin Fada da ke yankin Ennedi a 1987, har yanzu za ka ga gawar tankokin yaƙi a rairayi, kuma akwai sassan arewa da aka binne nakiya. Inda ya ce kada a bi, kada a bi.

Shi kuwa wurin, hoton da ka gani daga sama aka ɗauke shi. Sai ka yi sammako ka hau dutse, mu mun fi awa guda muna hawa, ni da na ɗauka ina da ƙarfi sai da na zauna sau uku. Da ka leƙa ƙasa, sai ka ga tsaga mai zurfi tsakanin jajayen duwatsu, ruwa kwance a gindi. Da hantsi raƙuman suka fara shigowa garke-garke, suna kutsawa ruwan har gwiwa. Kukansu yana bugun dutse yana dawowa, ka rantse wani abu ne ake yankawa a ƙarƙashin ƙasa. Wannan sautin babu hoton da zai ba ka shi.

Ruwan baƙi ƙirin ne, kashin raƙuma na shekara da shekaru ne ya mai da shi haka, warinsa kuma tun daga nesa zai tare ka. Kada ka sa rai da wanka ko sha, ka cika jarkokinka tun daga gari. Akwai kadoji a ciki, 'yan kaɗan da suka rage tun zamanin da hamadar take da koguna. Mun daɗe zaune shiru kafin jagoranmu ya nuna mana ɗaya a kan dutse, da farko ma na ɗauka itace ne.

Abin da baƙi ke mantawa, wannan mashayar mutane ce. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, amma ga makiyayin da ya yi kwanaki yana koro dabbobinsa, ruwa ya zo nema. Wani abokin tafiyarmu ya ɗaga waya zai ɗauki wata yarinya mai jan akala, nan take babanta ya taso, sai da jagora ya ba da haƙuri da yarensu. Yi sallama, tambaya, in an ƙi ka haƙura. Larabcin Cadi zai fi yi maka amfani a can, Hausa tun daga kasuwannin Injamena take raguwa. Ganyen shayi da sukari kyauta ce da ake jin daɗinta.

Lokaci kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka riƙe bargo mai kauri da rawani, sanyin asuba har ƙashi yake shiga, alwala ma sai ka daure. In kwanakinku sun kai, ku biya ta Aloba, wata ƙofar dutse ce mai tsayin kusan mita 120, da kogunan dutse masu zanen shanu da mahaya na mutanen da. Kuɗi duk a hannu ne, sefa, ka canja tun kafin ka bar Injamena.