Me ya sa ƙoda ke ci gaba da rauni bayan jini ya dawo mata?

Tambayar ita ce me ya sa kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, wanda ke ƙaruwa idan aikinta ya ragu) ke ta hauhawa alhali an gyara matsin jinin mara lafiya da ya faɗi, jini kuma ya koma gudana a ƙoda. A taƙaice, garkuwar jiki ce ta karɓi ragamar ɓarnar. Ƙwayoyin bututun ƙoda da suka mutu saboda rashin iskar oksijin suna zubar da sinadarai masu nuna an yi ɓarna, irin su HMGB1. Masu gadi da ke saman ƙwayoyin jiki, kamar TLR4, su tsince su, sai makurofaji (ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti) su saki sinadaran kumburi, TNF da IL-1. Wannan ne ke kiran nutrofil (wasu fararen ƙwayoyin jini), su manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini ta hanyar wani furotin mai riƙe su, ICAM-1, su cushe su, musamman a can cikin ƙodar inda iska dama ba ta wadata ba.

Amma kada a ɗauka makurofaji abokan gaba ne kawai. Bayan 'yan kwanaki sukan juya zuwa gyara, su kwashe matattun ƙwayoyi. Shi ya sa danne garkuwa gaba ɗaya ba ya magance matsalar. Abin lura a gadon asibiti: fitsari ƙasa da 0.5 ml ga kowane kilo a awa, har awa 6, alama ce ta rauni. A nan ne ya kamata a dakatar da magungunan da ke iya cutar da ƙoda, kamar ibuprofen da gentamicin.