Ga mai tambaya kan zuwa Sant Katrin

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka, cewa mai shirya tafiyarku ya ce ku bar Alƙahira ran Asabar da yamma, ku hau Dutsen Musa cikin dare, da safe ku shiga cocin Sant Katrin da ke gindin dutsen a yankin Sina na Masar, sai da gabana ya faɗi. Abin da aka yi mana ke nan sak. Kada ka ba shi ko sisi sai ya canza rana. Ruhubanawan ba sa buɗe wa baƙi ƙofa ran Lahadi. Ranakun da suke buɗewa ma da safe ne kawai, kafin azahar an rufe.

Mu wanda ya cuce mu ɗan ƙasarmu ne, shi ya fi yi mini ciwo. Ya sha kai mutane, ya san komai. Mun kwana muna hawa, dutse mai tsayin mita 2,285, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, matakala 750 ɗin ƙarshe ko raƙumi ba ya hawansu. Muka sauko gwiwoyi na kaɗawa, muka tarar da ƙofa a kulle. Har yau ina ganinsa a gindin katangar nan, ya kara waya a kunne yana zagaye wai yana kiran wani babba, alhali wayar ko haske ba ta yi ba. Wani yaro Balaraben ƙauye mai jan raƙumi yana mana dariya yana cewa "bukra, bukra", wato gobe. Daga baya sai mai shirya tafiyar ya ce ai dutsen ne mai falala, me Musulmi zai yi a coci? To me ya sa ka rubuta shi a sanarwa, ka caje mu kuɗinsa? Ko haƙuri bai ba mu ba.

Batun ko za su bar ka ka shiga kuwa, babu mai tambayar addininka. Na koma ni kaɗai wata Talata. Cocin ɗariƙar Orthodox ta Girkawa ce, Sarki Justiniyan na Rumawa ya gina ta tun ƙarni na 6. Ciki da ɗan duhu, fitilu na reto daga sama, ga ƙamshin turare, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Ba a ɗaukar hoto a cikinta, kuma ban da gajeren wando. Abin da ya tsayar da ni shi ne masallacin zamanin Faɗimawa da ke cikin harabar, hasumiyarsa dab da hasumiyar ƙararrawa. Suna kuma da kwafin takardar amana da suke jingina wa Manzon Allah (SAW), mai hoton tafin hannu. Ka nemi rijiyar Annabi Musa da itacen da suke cewa a nan ya ga wuta.

Ka riƙe fasfo da iƙamarka a aljihu, ba a jaka ba, shingayen bincike sun yi yawa daga an wuce mashigar Suwez. Safa biyu, hular sanyi, tocila. A sama ana ba da hayar bargo, ka yi ciniki. In da hali ma ka kwana a garin, ka huta, ka riga motocin 'yan yawon buɗe ido isa ƙofar.

Shi kuwa mutumin, shekaranjiya na gan shi a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira yana raba wa sababbin ɗalibai takardar wata tafiyar. Da muka haɗa ido sai ya tsallaka titi.