Tambayoyinku: Wane Banki Ya Fi a Cikin Manyan Biyar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuɗi na shiga suna fita kullum. Tsakanin First Bank, UBA, GTBank, Access da Zenith, a ina ya fi dacewa in buɗe asusun kasuwanci? *Mai karatu daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kowanne da inda ya yi zarra. First Bank ne dattijonsu, tun 1894 yake, kuma yana da rassa har a ƙananan garuruwa. Access ya fi su yawan kadara tun bayan da ya haɗe da Diamond Bank a 2019. Zenith da GTBank su ne gaba wajen riba, kowannensu ya haura naira tiriliyan ɗaya kafin haraji a 2024. UBA kuwa yana da bankuna a ƙasashen Afirka 20, har da Chadi da Kamaru da Gana, abin da zai amfane ka idan kana da masu sarin kaya daga can. Amma ribar banki ta masu hannun jari ce, ba ta shiga aljihunka.

Cajin da ake cira kusan ɗaya ne, domin Babban Bankin Najeriya ne ke ƙayyade iyakarsa. A ƙa'idarsa ta 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ne idan bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 idan ya haura, sai a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Wanda ke cin ɗan kasuwa irinka shi ne kuɗin kula da asusun kasuwanci: a waccan ƙa'idar, har naira 1 a kan kowace 1,000 da ka fitar. Idan miliyan 30 ta fita a wata, naira 30,000 ke nan, ban da haraji. Wannan naira 1 iyaka ce, ana iya ciniki a kanta, amma da wuya ma'aikacin banki ya fara faɗa maka. Ka zagaya bankuna biyu ko uku da takardar shige da ficen kuɗinka ta wata shida, ka tambayi manajan reshe nawa zai rage maka, ya rubuta a takarda.

Sannan ka tambayi maƙwabtanka a layi: wane banki ne alat ɗinsa ke makara ranar da kasuwa ta cika, kuma kwana nawa suke yi kafin su mayar da kuɗin POS da ya maƙale? A nan ne bambancin yake, ya kuma danganta da reshe.

Kada ka tara komai wuri guda. Idan banki ya rushe, hukumar inshorar ajiya ta NDIC na biyan inshorar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba ga kowane mai ajiya a banki ɗaya, ko da asusunsa uku ne a ciki. Da aka soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, masu ƙasa da haka an tura musu kuɗinsu ta lambar BVN zuwa asusunsu na wasu bankuna, masu sama da haka kuwa, abin da ya haura miliyan 5 ɗin sai jiran a sayar da kadarorin bankin.

Tambaya: Ina ajiyar kuɗin adashe, wani wata in ga an ƙara min 'yan kuɗi, wani wata babu. Ni ma ba na son kuɗin ruwa. Ya zan yi? *Mai karatu daga Gusau*

Amsa: Hajiya, ƙarin nan kuɗin ruwa ne na asusun ajiya, kuma a ƙa'ida ba a biyan sa a watan da kika cire kuɗi fiye da sau huɗu. Tunda ba kya so, ki koma bankin da ba ya mu'amala da ruwa: Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko TAJBank, ko Lotus. Su ma inshorar NDIC ta shafe su. Sai dai rassansu ba su kai na manyan yawa ba, kuma tun Maris 2025 cire kuɗi a na'urar ATM ta wani banki naira 100 ne a kan kowace 20,000. Ki fara tabbatar da akwai reshe kusa da ke kafin ki kwashe kuɗin.