Amsa: Tambayar mataimakin AI inda aiki ya kwana

Ɗan'uwa, ka ce in ka tambayi mataimakin AI da kake rubuta manhaja da shi ayyukan da suka rage, amsarsa ba ta dacewa da abin da ke Jira, manhajar da kuke bin diddigin ayyuka da ita.

Ai bai ga Jiran ba ne. Fayilolinka da tarihin Git (ma'ajiyar canje-canjen da ake yi wa fayilolin) kawai ke gabansa, daga nan yake kintace, kuma ya faɗa maka gaba gaɗi kamar ya duba.

Sai ka haɗa su. Hanyar da aka fi bi ita ce MCP, ƙa'idar haɗa AI da wasu manhajoji wadda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Atlassian (masu Jira) da Linear da GitHub duk suna da sabarsu ta MCP, kuma mataimakan AI irin su Cursor da Claude Code da Copilot suna karɓarta. In da ma GitHub Issues kuke amfani da shi maimakon Jira, umarnin gh issue list --assignee @me ya ishe ka.

Bayan haɗawa, ka riƙa cewa ya kawo lambar kowane tikiti (wato aikin da aka rubuta a Jira) da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. In bai kawo lamba ba, kar ka yarda. Ka kuma tuna abin da aka rubuta yake karantowa. In abokin aikinka ya gama bai rufe tikiti ba, zai ce maka ba a gama ba.

Izinin karatu kaɗai za ka ba shi tukuna, domin rubutun da wani ya cusa a tikiti na iya ruɗarsa ya canza abin da ba ka sa shi ba. Kada mabuɗin shiga ya kwana cikin Git. In Jiran na kamfani ne, ka fara tuntuɓar mai kula da tsaron bayanai kafin ka haɗa komai.